Baƙuwar Iya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kakata ta sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi a ɗakin da na koyi rarrafe ba. Har yau in na tuna, sai in rasa da wanne zan fara, dariya ko kuka. Yawanci dariyar ce ke riga zuwa, amma ba ta daɗewa.

Bari in fara da fuskata, tunda ita ta jawo komai. Ina da bille a kuncina na hagu, tsaga guda da ta taso daga gefen hanci ta gangaro a karkace. Wanzami ne ya yi mini ranar suna, bisa umarnin Iya, mahaifiyar Babanmu. An ce Mama ta sha kuka a ɗaki, Baba kuma bai iya yi wa uwarsa musu ba, amma ya ce daga kaina an gama. Shi ya sa ƙannena duk suka tsira da kumatunsu sumul, ni kaɗai aka buga wa hatimin gida. A duk zuri'armu mu biyu muka rage masu bille, ni da Iya, kuma a gefe ɗaya.

Iya ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan uwar mijinta aka sa mini, ita kuwa ko za a yanka ta ba za ta furta shi ba, sai ta raɗa mini Mai Bille. A wurinta na tashi, a unguwar Kwarbai cikin Zariya. Yaye aka kai ni, ta riƙe ni har na gama firamare, sannan da ƙyar ta mayar wa iyayena ni a Kusfa. Kullum da safe in za ta shirya ni makaranta, sai ta lakato man kaɗe daga wani ɗan gwangwani, ta murza a tafin hannu, ta mulke mini fuska har in riƙa ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Ta zizara mini kwalli. Daga ƙarshe ta bi billen da babban yatsanta daga sama zuwa ƙasa, ta ce, "To mummuna, a je a dawo. Ko kin ɓata a kasuwa, da wannan za a dawo mini da ke." Iyakar kwalliyar da Iya ta yarda da ita a duniya ke nan, mai da kwalli.

Sai da na shiga sakandare na gane cewa abin da Iya ke alfahari da shi abin dariya ne a wurin wasu. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Lamba Ɗaya. Wata ta taɓa tambayata, tsakaninta da Allah, wai kyanwa ce ta yakushe ni? Nakan yi dariya tare da su, in na koma gida kuma in tsaya gaban madubi ina danna wurin da yatsa, ko zai gaji ya shafe. Babu abin da ban shafa ba: lemun tsami, zuma, har da wani haɗi da wata ta ce kakarta ce ta ba ta (ya sale mini fata, billen kuwa ko gezau). Na tsani tsagar nan, kuma a ƙasan zuciyata na ɗan riƙe Iya a kanta, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da na girma na zama malamar firamare, sai Allah ya haɗa ni da babbar waya, wayar kuma ta haɗa ni da bidiyon masu koyar da kwalliya. Nan na sami ilimin da ya fi zauna mini a kai fiye da duk wanda na yi a aji. Kuma kada ku raina ni, na iya. (In ban yabi kaina a nan ba, babu wanda zai yabe ni a sauran labarin, don haka ku yi haƙuri.) Na san cewa fandeshin, wato man nan mai launin fata da ake shimfiɗawa kafin hoda, ba a bayan hannu ake gwada shi ba, a muƙamuƙi ake gwadawa, kuma a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar mai shago ba. Na san ba a goga shi kamar ana shafen ɗaki. Da soso mai ɗan danshi ake dangwalawa a hankali, a gangara da shi har wuya, don kada fuska ta tafi ƙasar Larabawa ta bar wuya a Zariya. Gira ba a jan ta da layi ɗaya kamar an ɗora rula, ƙananan zane ake yi yadda gashin ya kwanta. Janbaki a shafa, a danne da tishu, a sake shafawa, sai ya wuni. Sannan babbar doka: ki yi alwalarki kafin ki fara, ki kuma lallaɓa ta.

Amma gwanintata ta gaske ita ce ɓatar da bille. Tabo mai zurfi ba ya ɓoyuwa da lafta abu. In kika lafta, sai ya taru a cikin ramin ya ƙara tona miki asiri. Kaɗan-kaɗan ake bin sa. A cike ramin da ɗan man da ke daidaita fata, a bari ya sha iska, a ɗora wani mai ruwan lemo don ya kashe duhun wurin, a danne da hoda, sannan a sake shimfiɗa wani siriri a kai. Ranar da na fara yin nasara, na kalli madubi na ga kunci sumul irin na ƙannena, sai na fashe da kukan murna. Hawayen suka kwashe aikin gaba ɗaya. Daga ranar na koma sayen irin kayan da ruwa ba ya wankewa, har ina yi wa ƙawayena wa'azi a kansu.

Da wannan fuskar nake zuwa makaranta, da ita nake zuwa biki da suna, har wasu sababbin abokan aikina ba su san ina da bille ba. Wuri ɗaya ne ban taɓa kai ta ba, Kwarbai. In zan je gaida Iya sai na wanke tas, don na san bakinta. Matar da ta taɓa tambayar wata amarya ko faɗawa ta yi a buhun fulawa, ba ni za ta raga wa ba.

Sai tsufa ya fara cin Iya. Yanar ido ta rufe mata gani har ta koma ganin mutane dishi-dishi, kunne ya yi nauyi, daga baya kuma rikicin tsufa ya shigo. Takan kira Baba da sunan wansa da ya rasu tun kafin a haife ni. Takan ce a ɗumama wa Malam tuwo, alhali Malam, kakanmu, ya daɗe a ƙasa. 'Yarta, Gwaggo Asabe, ta tattaro ta dawo gidan don jinyarta. Amma duk rikicin nan, ni ba ta taɓa ɓatar da ni ba. Da na durƙusa a gabanta za ta jawo fuskata kusa da tata, ta juya kuncina wajen haske, ta ce, "Mai Bille ce." Har gori nake yi wa 'yan'uwa da wannan, Allah ya yafe mini.

Daga baya wannan ma ya ɗauke. Iya ta juya fuska bango, ta daina magana. In na taso daga makaranta in biya in zauna a bakin gadonta, in yi ta surutu ni kaɗai, in ba ta labarin ɗalibaina da tsadar tumatir, ko motsi ba ta yi. Haka muka yi makonni. Ban roƙi Allah ta warke ba, don na san shekarunta. Abu ɗaya na riƙa roƙo, ta sake kirana ko sau ɗaya ne kafin ta tafi.

Ana cikin haka bikin ƙawata Rukayya ya zo, can wajen Ƙofar Kuyambana. Ranar Asabar ce, ranar kamu, ga zafin bazara irin wanda mutum ke gumi yana zaune. Tun hantsi nake tsaye. Na yi wa amarya kwalliya, na yi wa ƙawayenta, har da wata gwaggon ango da ta ce "ɗan kaɗan" za a sa mata, ta kusa ƙarar mini da hoda. Da na idar da azahar na zauna yin tawa, sai na tarar fandeshin da ya dace da fatata ya ƙare a fuskokin mutane. Wanda ya rage ya fi ni haske nesa ba kusa ba. Ni da nake yi wa mutane huɗuba a kan muƙamuƙi da hasken rana, na ce ai yini ɗaya ne, na shimfiɗa abina. Na shafe billen nan shafewar da ban taɓa yi masa irinta ba, saboda za a yi hotuna. Na manna gashin ido na kanti, dogaye, waɗanda in na ƙifta sai na ji iska a kumatu. Na zana gira, na ɗora janbaki, na feshe fuskar da ruwan nan da ke sa kwalliya ta kama ta ƙi motsi. Na shiga ankon leshi, aka naɗa mini gwaggwaro, na hau takalmi mai tsini. Da na kalli madubi, wallahi ni kaina sai da na ga kwarjinin matar.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Gwaggo Asabe ce.

"Ke kina ina? Iya ta tashi zaune! Ta sha koko, ta gane Yaya, babanki, ta gane ni. Tun ɗazu ba ta da magana sai ina Mai Bille. Ki zo yanzu-yanzu, irin wannan tashin ba a san tsawonsa ba."

Na suri jaka. Rukayya, da lalle a hannu, ta ce, "Ba za ki wanke fuskar ba?" Na ce ina na ga lokaci. Gaskiya ne babu lokacin, amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya ce, bari dai yau Iya ta ga mummunarta ta zama mutum.

Mai napep ya sauke ni a bakin lungu, don lungunmu ko amalanke sai ta karkace take shiga. Na taka a ƙasa, tsinin takalmi yana nutsewa, ina tafe ina tangaɗi. A ƙofar masallaci na tarar da dattawan unguwa a inuwa, mutanen da suka san ni tun ina yawo da ɗan kamfai. Na rusuna na gaishe su. Ɗayansu, wanda ya sha raba ni faɗa da jikokinsa, ya gyara zama ya ce, "Sannu Hajiya, wane gida ake nema?" Mai hankali da a nan ta tsaya ta yi tunani. Ni kuwa daɗi na ji, na ce lallai aiki ya yi kyau.

Ƙofar ɗakin Iya cike take da takalma. Labari ya zaga cewa tsohuwa ta farfaɗo, matan maƙwabta duk sun shigo yin barka. An ɗauke wuta, hasken ɗakin sai wanda ke shigowa ta 'yar taga. Ga Iya a kan gado, an tokare ta da matasan kai, ta ƙanƙance kamar ba ita ba, amma idonta a buɗe, tana bin mutane da kallo. Murna ta cika ni. Na yi sallama, na tsallake ƙafafun mutane, na durƙusa a gabanta.

"Iya, sannu da jiki. Ga ni na zo."

Ta dube ni. Sai na ga ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta, ta ja zane ta rufe ƙafa, yadda take yi in manyan baƙi sun shigo.

"Lale, maraba. Asabe, ba ki ga an yi baƙuwa ba? Shimfiɗa mata tabarma, ki kawo ruwa."

Gwaggo ta matso kusa da kunnenta ta ɗaga murya. "Iya, ita ce fa. Mai Billenki ce, wadda kike ta nema."

Iya ta yafito ni. Ta kama haɓata da hannunta mai sanyi, ta juya kuncina na hagu wajen taga. Ta daɗe tana dubawa. Ni kuwa ina durƙushe ina jin yadda aikina ke cin jarrabawa, ina addu'ar ya faɗi. Ta sake ni a hankali.

"Asabe, tsufa na yi, ban haukace ba. Tawa baƙa ce, kuma tana da bille. Wannan 'yar mutane ce."

Sai na ji ƙus-ƙus a bayana, mata suna tura baki cikin mayafi. Hajiya Dije, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ba ta iya raɗa ba tun da aka haife ta, ta ce, "Wallahi ni ma sai da ta yi magana na shaida ta. Na ɗauka matar wani babba ce ta yi ɓatan hanya." Ɗakin ya ɗauki dariya. Na ce, "Iya, ni ce, wallahi ni ce," amma kunnen da bai ji ba sai an yi ihu, ina zai tantance murya? Ta dage sai an shimfiɗa tabarmar. Gwaggo ta harare ni harara mai cewa za mu haɗu, ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake ajiyewa bayan ƙofa saboda baƙi, ta shimfiɗa, don kada ran tsohuwa ya ɓaci. Na koma kai na zauna, da gwaggwarona da komai. Aka kawo mini ruwa a kwanon shan da tun ina yarinya ake hana ni taɓawa.

Iya kuwa ta shiga yi wa baƙuwarta hira, don ita ba a zama shiru a ɗakinta.

"'Yar gidan wa ce ke? Kin san jikata? Malamar makaranta ce. Mummuna ce, amma akwai hankali." Mata suka sake ƙyalƙyalewa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta juya ta kalli ƙofa. "Na aika a kira ta, har yanzu shiru. Ko fushi take yi da ni?"

"Wane irin fushi kuma, Iya?" in ji Gwaggo.

"Ni na sa aka yi mata tsagar nan. Uwarta ba ta so ba. Yaran yanzu ba sa son abin. Ba ta taɓa faɗa mini ba, amma na sha ganin tana rufe wurin da hannu in za ta yi dariya." Ta murza bakin zaninta. "So nake in gan ta kafin in tafi."

Babu wanda ya sake yin dariya. Ashe duk shekarun nan ta sani. Na miƙe na yi waje, ƙafa ba takalmi.

Na fizgi buta a tsakar gida na sheƙa wa fuskata ruwa. Ruwan ya gangare kamar a kan ganyen gwaza, ko ɗigo bai kama ba. Na sake sheƙawa. Kayan da na yi ta yi wa talla, ranar suka nuna mini ba ƙarya nake yi ba. Na hango sabulun wanki a bakin rijiya, na ɗauka na shiga dirza da dukkan ƙarfina. Kumfa ya shiga ido, gwaggwaro ya kwance ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke, ina kuka ina dirza. Ku tuna fa, ni ce mai koya wa mutane cewa irin wannan kwalliyar mai ke cire ta, ba ruwa ba. Na faɗi haka ya fi a ƙirga. Amma a ranar da nake bukatarsa, ilimin ya tashi ya bar ni da sabulun wanki.

Na ciro ɗan madubin jakata na duba. Baƙin gira ya gangaro ya haɗu da na ido ya yi mini zobe. Janbaki ya bar leɓe ya koma haɓa. Gashin ido ɗaya ya ɓalle ya manne a kumatu, ɗayan yana reto. Farin ya tashi a wasu wurare ya zauna a wasu, na zama dabbare-dabbare. Duk abin da ke fuskata ya bar inda na ajiye shi, ban da wuri guda. Billen yana nan a rufe ruf, don a nan na zuba duk basirata.

Sai ga muryar Gwaggo daga ƙofa. "Ke, ki zo haka nan! Ta fara lumshe ido."

Haka na koma, ruwa na ɗiga daga leshi, kai ba ɗankwali. Ina sa ƙafa a ɗakin, wani jariri da ke cinyar uwarsa ya dube ni ya ƙwalla ƙara, ya cusa kai cikin mayafinta. Hajiya Dije ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Yau kuma me za mu gani?" Wata dariya ta kuɓuce wa wata daga lungu, ta mayar da ita tari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na zube a gaban gadon, na kifa kai a kan katifa, ina kuka irin na yara, mai shessheƙa da majina.

Iya ta buɗe ido. Ba ta gane ni ba, amma ita tun fil azal ba ta iya ganin yaro yana kuka ta ƙyale.

"Subhanallahi. Wa ya taɓa yarinyar nan? Ɗago in gani. Kai, kai, wa ya yi miki wannan aika-aika? Asabe, miƙo mini gwangwanin nan."

Gwaggo ta miƙo. Gwangwanin nan ne dai, murfinsa duk ya lotse. Iya ta lakato man kaɗe, ta murza a tafin hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta shafa mini. Warin da na yi shekaru ina gudu ya cika mini hanci. Ta kama bakin zaninta ta fara gogewa, tana yi tana rarrashi, "Yi shiru, yi shiru, yanzu zai fita." Ta goge goshi. Ta cire gashin idon da ya manne a kumatu, ta ɗaga shi wajen haske, ta yar da sauri (ina jin ta ɗauka ƙwaro ne). Ta goge kuncin dama. Ta dawo na hagu.

Sai babban yatsanta ya tsaya.

Ya koma sama, gefen hanci, ya gangaro a hankali. Ya sake komawa, ya sake gangarowa.

"Mai Bille?"

"Na'am, Iya."

"Ke mummuna! Ina kika shiga tun ɗazu ina ta nemanki?"

Ta jawo kaina kusa, ta rage murya yadda take yi in za ta yi gulma, irin raɗar kurma da kowa ke ji.

"Wata ta zo nan ɗazu. Fara fat, kamar an tsoma ta a garin rogo, ga gashin ido irin na raƙumi. Wai ita ce ke. Har Asabe ta yarda, kin san ta da saurin yarda. Ni kuwa na duba, na ce ba tawa ba ce."

Mata suna dariya suna share hawaye. Gwaggo ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ban san wanne take yi a ciki ba.

Na ce, "Kin kyauta, Iya."

"Ki yi hankali da ita. Irin waɗannan su ke shiga gidan mutane."

"Zan yi, Iya."

Yatsanta bai bar wurin ba. Ta daɗe tana shafawa, sannan ta tambaye ni, kamar jiya wanzamin ya tashi daga tsakar gida, "Ya daina zafi?"

Na ce, "Ya daina, Iya. Ina son abina."

Da a ce da safiyar ranar na faɗi haka, da ƙarya na yi. Amma a lokacin da na faɗa, har zuciyata haka ne. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla." Ta ce a kwantar da ita, ta gaji. Kafin a kira la'asar ta juya fuska bango, hannunta a cikin nawa, duk maiƙo.

Ba ta sake kiran kowa ba. Allah ya karɓi abarsa kafin ruwan farko ya sauka.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ɗan lokacin nan da Allah ya ara mana ita, mafi yawansa a kan tabarmar baƙi na cinye shi, da kwanon ruwa a hannu, tana kallon ƙofa tana jirana. Akwai abubuwa da yawa da na tanada zan faɗa mata. Da na tsaya na wanke fuska a gidan biki, ko da na tuna da mai tun a tsakar gida, wataƙila da na faɗi rabinsu. Na san abin da aka rubuta ba ya ƙaruwa, amma sanin bai hana ni jin ciwon ba.

A zaman makoki, labarina ne ya zama abin da ake ba masu zuwa gaisuwa in kuka ya yi yawa. Hajiya Dije ce mai bayarwa, kuma kullum sai ta ƙara gishiri (a bakinta jariran da suka firgita sun kai uku, har da akuya). Sunan ya bi ni. Yau in na shiga lungun Kwarbai, dattawan ƙofar masallaci sai su ce, "A'a, Baƙuwar Iya, wane gida ake nema?" In rusuna in gaishe su, in wuce ina murmushin dole. Kamun Rukayya kuwa ban gan shi ba sai a hoto, leshin ma maiƙon bai fita ba, yana nan a ƙasan akwati na kasa bayar da shi.

Ban daina kwalliya ba, kada ku ɗauka na tuba na koma mai da kwalli. Har yanzu ina zana girata, har yanzu ina faɗa da masu barin wuyansu a Zariya. Sai dai a cikin jakar kayana yanzu akwai wani lotsattsen gwangwani da Gwaggo ta ba ni ranar da aka raba kayan Iya, kuma duk wadda ta zo koyo a wurina, da shi nake fara mata darasi: kafin ki koyi shafawa, ki koyi cirewa, kuma ki tuna mai ke cirewa, ba sabulun wanki ba. Darasi na biyu ba na faɗa musu, don ni aka yi wa shi. In mutum zai iya ɓoye abu, kada ya iya har mai nemansa da abin ya rasa shi.

Kwanan baya ina shirin fita, wata yarinya da nake koya wa ta tsaya tana kallona ina dangwala soso. Na bi goshi, na bi haɓa, na zagaye kuncin hagu na wuce. Ta nuna da yatsa ta ce, "Anti, kin manta ba ki rufe nan ba."

Na ce, "Bar shi. In na ɓata, da shi za a mayar da ni gida."